Yaƙi a Borno, Rigima a Falonmu na Xiaobei



Abokan karatuna a nan Kuala Lumpur sukan tambaye ni, idan sun ji ina sa-in-sa da Yayana a waya: wai kai da aka haifa a Caina, ka yi firamare da sakandare a Caina, duk zamanka a Kano in an tattara bai cika shekara guda ba, me ya haɗa ka da siyasar Najeriya har jijiyar wuyanka ke tashi? Nakan ce musu ni ban je wurin siyasa ba, ita ce ta hau jirgi ta same mu a falonmu, hawa na tara, unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou. Na san da yawanku, ko a Jidda kuka tashi ko a Landan ko a Dubai, kun san irin wannan falo. Manya na zaune da shayi suna rantse-rantse a kan mutanen da ku ba ku taɓa gani ba, ku kuma kuna gefe da littafin makaranta kamar ba kwa ji, alhali kuwa babu abin da ya wuce ku. Tarihin wannan falon nake so in ba ku, domin a cikinsa ra'ayina da na Yayana suka ginu, kuma a cikinsa gidanmu ya rabu har sau biyu.

Baba ya sauka Guangzhou a 2001, shekarar da Caina ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Ɗan Kantin Kwari ne, da can Dubai yake saro kaya, sai ya lura cewa atamfar da ake sayar masa a can daga Caina take fitowa, ya ce to me zai hana shi zuwa bakin rijiya. Ƙaninsa, wato Baffa, ya biyo shi bayan shekara uku. Suka kama ofis ɗaya a ginin Tianxiu, wanda duk Bahaushen da ya taɓa zuwa sarin kaya ya san shi, suna loda kwantena: atamfa, shadda, leshi, daga baya kuma kayan gyaran babur. Uwa ɗaya uba ɗaya, asusu ɗaya, kuma har na yi wayo a gidanmu Baffa yake cin tuwon dare. Umma Bakanuwa ce ta asali amma a Maiduguri ta tashi, iyayenta fataken busasshen kifin Baga ne. Ƙaninta, Kawu, ya shiga soja a 2008. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu na farko da nake iya tunawa na siyasa ya faru ne a Yulin 2009, ina ɗan shekara shida. Sai da na girma na koma na karanta, sannan na gane irin watan da aka yi. Ranar 5 ga wata rikici ya ɓarke a Urumqi tsakanin Uygur da 'yan ƙabilar Han, kusan mutum 200 suka mutu, gwamnati ta toshe Facebook. Ranar 15 wani ɗan Najeriya ya diro daga bene a Guangzhou yana gudun 'yan sanda masu duba fasfo, labari ya bazu cewa ya mutu, 'yan Afirka sama da ɗari suka tare titi a gaban ofishin 'yan sanda na Kuangquan, abin da ba a saba gani daga baƙi a Caina ba. Ranar 26 kuma aka fara ba-ta-kashi a Bauci tsakanin jami'an tsaro da mabiya Muhammad Yusuf, wutar ta kama Potiskum da Wudil da Maiduguri, sama da mutum 700 suka mutu cikin kwana biyar. Ranar 30 aka kashe Yusuf ɗin a hannun 'yan sanda, bayan sojoji sun miƙa musu shi da ransa.

Ni dai abin da idona ya gani shi ne Umma zaune a ƙasa da katunan waya a gabanta, tana ta kiran Maiduguri ba ya shiga. Baba da Baffa kuwa a ranar bakinsu ɗaya. A kan zanga-zangar Kuangquan suka ce, "Ba ruwanmu, 'yan Ibo ne marasa biza, mu takardunmu cikakku ne." A kan Yusuf suka ce an gama, magana ta ƙare. Umma ce kaɗai ta ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, mutumin da aka harbe ba shari'a almajiransa ba za su yafe ba. Ba wanda ya tanka mata.

To a ina suka bambanta? Baba ɗan Buhari ne tun zaɓen 2003, tun ana ANPP, ya bi shi CPC a 2011. Aƙidarsa guda ce, kuma na haddace ta kamar karatun allo: Najeriya ba ta rasa komai ba sai mutum ɗaya mai gaskiya a sama, in an same shi sauran za su shiga taitayinsu. Hujjarsa ita ce 1984, lokacin yana ɗan shekara 19. An kama gwamnoni an ɗaure, har da Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo na Kano, mutane sun koyi bin layi, sannan ga hanyoyi da magungunan PTF a zamanin Abacha. Baffa kuma wata 1984 ɗin daban yake tunawa. Shi abin da ya gani yana yaro shi ne canjin kuɗi na watan Afrilu, da rufe iyakoki, da sojoji suna fasa sito suna tilasta wa 'yan kasuwa sayar da kaya a farashin gwamnati. Ya ce tun daga lokacin mahaifinsu bai sake miƙewa ba. Saboda haka tasa aƙidar ita ce kowane ɗan siyasa yana ci, kai dai ka nemi wanda in ya ci zai bar maka gada da makaranta. Da Kwankwaso ya dawo mulkin Kano a 2011, Baffa bai tsaya ga sa jar hula ba, har odar dilolinta ya bayar a wata masana'anta, ya ce a yi siyasa a ci riba.

Musu ne kawai na 'yan uwa, a yi a tashi a ci tuwo, har 2012 ta shigo. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, matasan Kano suka yi ta kwana a shataletalen Silver Jubilee. Ranar Juma'a 20 ga wata da yamma bama-bamai suka tashi a ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice da na jami'an farin kaya a Kano, aka kashe aƙalla mutum 185. Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, don haka mu da tsakar dare labarin ya riske mu, kuma ba wanda ya runtsa. Daga nan sai kwamitin binciken kuɗin tallafin mai ya fara zama a Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Faruk Lawan, mai wakiltar Bagwai da Shanono, wanda ya yi suna tun 2007 lokacin da shi da abokansa suka tilasta wa Patricia Etteh sauka daga kujerar kakaki. A watan Afrilu ya fitar da rahoton cewa an wawure kusan dala biliyan 6.8 cikin shekara uku. Baba ya riƙa yawo da labarin a ginin Tianxiu, yana cewa ko a PDP akwai na Allah. Wata biyu bayan nan attajiri Femi Otedola ya fito ya ce ya ba Lawan daloli da sanin jami'an tsaro don a cire kamfaninsa daga rahoton. Lawan ya ce ya karɓa ne don ya tona asiri. Baffa ya yi dariya har da hawaye.

A ranar na fara jin kalmar cin hanci. Ni da Hausata ta cikin gida, sai na bi Umma kicin na tambaye ta yadda ake yi mutum ya ci hanci, kuma hancin wa ya ci. Har yau in ana son a tsokane ni a gida da wannan ake farawa.

Yaƙin ya taɓa aljihunmu ne a farkon 2013. Ranar 19 ga Janairu 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnatin jiha ta haramta acaɓa. Kwantena biyu na kayan babur ɗinmu suna kan ruwa a lokacin. Kasuwa ta koma hannun A Daidaita Sahu, su kuwa daga Indiya ake kawo su. Baba ya ce wa Baffa, "Gwamnanka ya karya mu." Baffa ya ce rai ya fi kwantena. Wannan ne karon farko da na ga sun tashi daga kan abinci ba a yi sallama ba.

Amma shekarar da ta yi mana tambari, mu yara, ita ce 2014. A Fabrairu aka dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Banki, yana Yamai wajen taro, bayan ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba. A Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A Mayu sojoji a barikin Maimalari suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin abokan aikinsu, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a Disamba aka ƙara da wasu 54 saboda sun ƙi fita fagen daga, kodayake daga baya an sassauta musu zuwa ɗauri. A Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgi daga Najeriya, aka ce wai na sayen makamai ne. Ranar 28 ga Nuwamba aka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, inda Baba ya yi sallah tun yana yaro, sama da mutum 100 suka rasu. Kawu yana Borno duk wannan lokaci. In ya samu sabis yakan kira Umma, ba ya daɗewa, kuma ba ya ƙorafi kai tsaye. Sai dai ya ce, "Yaya, a ci gaba da addu'a, namu harsashin ƙirgawa ake yi, nasu kuwa ba a ƙirgawa."

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a ƙofar gidanmu a daidai wannan shekara. Ƙarshen watan Yuni aka wayi gari da sanarwa mai layi ɗaya cewa ana binciken Wan Qingliang, sakataren Jam'iyyar Kwaminis na Guangzhou, wato mutumin da ya fi magajin gari ƙarfi a birnin. Jiya yana talabijin, yau babu shi. A 2016 aka yi masa ɗaurin rai da rai saboda karɓar rashawar da ta haura yuwan miliyan 111. Lokacin ne Xi Jinping ke cikin yaƙin da ya ce ba zai bar damisa ba, ba zai bar ƙuda ba. Yayana yana ɗan shekara 17. Ku sa kanku a matsayinsa: a wayarsa ta dama ana cewa dala biliyan 20 sun ɓace kuma wanda ya faɗa shi aka kora, ƙanin uwarsa yana ƙirga harsashi, a talabijin ɗin falo kuma ga mai mulkin garin da yake zaune an ɗauke shi kamar ɓarawon kaza. Tun daga ranar Yaya ya yanke hukunci, kuma bai sake waiwayowa ba.

Ni kuma ina ɗan shekara 11, wani abu na gani. Bayan harin wuƙaƙe na tashar jirgin ƙasa ta Kunming a watan Maris, inda aka kashe mutum 31, ga kuma tsoron Ebola, sai aka shiga abin da aka kira gyaran Xiaobei. Kyamarori a kowace kwana, rumfunan 'yan sanda a bakin layin Baohan, duba fasfo safe da yamma, aka kori masu talla. Akwai wani dattijo Ba'uygure mai tsire da yakan ƙara mini tsinke ɗaya in na gaishe shi da sallama. Wata rana na je babu shi babu teburinsa, kuma duk wanda na tambaya sai ya kau da kai. Yaya ya ce unguwa ta yi tsabta. Gaskiya ne, ta yi.

Abin dariya, zaɓen 2015 ya sake haɗa Baba da Baffa, tunda Kwankwaso ya koma APC tun Nuwamban 2013. Ɗan Najeriya ba ya zaɓe daga waje, don haka su biyun suka yanki tikiti suka tafi Kano musamman don ranar 28 ga Maris. Kano ta ba Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.9. Da suka dawo suka yanka raguna aka ciyar da jama'a bayan Juma'a. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na wannan wata ba. Ranar 1 ga Disamba aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ya musanta, kuma an riƙe shi shekara huɗu duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi. Umma ba ta damu da batun beli ba. Ita abin da ta riƙe shi ne a Janairun shekarar, a Landan, mutumin ya kira sojojin da ke kukan rashin kayan yaƙi matsorata. Ta ce, "Ƙanina ne matsoracin?"

Sai dai cikin wannan Disambar ce kuma sojoji suka yi arangama da 'yan Shi'a a Zariya, har wani jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya. Baba, wanda ba ɗan Shi'a ba ne kuma ba ya ƙaunar tafiyarsu, bai ce uffan ba. Na lura da wannan shirun, kuma ya dame ni fiye da duk surutun da ake yi a falon.

Daga nan kasuwa ta fara magana. Tun Yunin 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kaya iri 41 dalar gwamnati, har da yadi. A 2016 naira ta faɗi, farkon 2017 dala ta kai wajen naira 500 a kasuwar bayan fage. 'Yan kasuwar da ke zuwa sau huɗu a shekara suka koma sau ɗaya, wasu suka ɗauke ƙafa, ofisoshin Tianxiu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya ce, "Alhaji, ban faɗa maka ba? 1984 ce ta dawo." Baba ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Da badaƙalar kwangilar cire ciyawa da kuɗin 'yan gudun hijira ta ci kujerar sakataren gwamnati Babachir Lawal a 2017 (kotu ta sallame shi a 2022), Baba ya ce ga bafaden nan an kama. Baffa ya ce to wa ya naɗa shi? A Kano kuma Kwankwaso da Ganduje sun riga sun raba gari tun 2016, saboda haka kowa ya koma gidansa na tsiya.

A Oktoban 2018 ɗan jarida Jaafar Jaafar ya saki bidiyon da ke nuna wani da ya ce Gwamna Ganduje ne yana cusa bandiran daloli a aljihun babbar riga. Ganduje ya ce haɗa shi aka yi, kotu kuma ta dakatar da binciken Majalisar Dokokin jiha. A Nuwamba mayaƙa suka afka wa sansanin Metele suka kashe sojoji da yawa. A Disamba, a wani ƙaramin sansani a arewacin Borno, aka kashe Kawu. Wani abokin aikinsa ne ya turo wa Umma saƙon murya.

Daren addu'ar arba'in ɗinsa ya zo daidai da ranar da Buhari ya je yaƙin neman zaɓe Kano, ƙarshen Janairun 2019. An shafa fatiha ke nan, baƙi ba su gama watsewa ba, hoton ya fara yawo a wayoyi: Buhari ya ɗaga hannun Ganduje. Baffa ya miƙa wa Baba wayar.

"Alhaji, ga mai gaskiyarka nan."

"Siyasa ce. Janar bai ci kwabon kowa ba."

"Bai sha nonon ba, amma shi ya riƙe ƙahon ake tatsa. Da ka ce Jonathan ne ya hana su harsashi. To yaron nan a mulkin wa ya mutu?"

Baba ya miƙe ya nuna masa ƙofa. Sai muka ji muryar Umma daga bayan labule, ba ta ɗaga ta ba ma: "Ku ji tsoron Allah. Ƙanina ne ya mutu, ba ɗan takararku ba."

Bayan zaɓen cike giɓi na watan Maris, wanda Kanawa ba za su manta da abin da aka yi a mazaɓar Gama ba, suka zauna da wani dattijo ɗan Maraɗi aka raba asusu. Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Yiwu. Gaisuwar sallah ma ta hannun mata take wucewa.

Wannan ita ce rabuwa ta farko. Ta biyu, tawa da Yaya, korona ce ta fito da ita fili. Farkon Afrilun 2020 hukumomin Guangzhou suka sanar cewa an samu 'yan Najeriya biyar da cutar, kuma cikin 'yan kwanaki duk mai baƙar fata ya zama abin gudu. Masu gidaje suka riƙa korar 'yan haya, otal-otal suka ƙi karɓa, mutane suka kwana a ƙarƙashin gada. Wani reshen McDonald's ya liƙa sanarwar hana baƙaƙe shiga, kamfanin ya nemi afuwa daga baya. Garin da a 2014 hukuma ta ce yana da 'yan Afirka 16,000, a wannan wata 4,553 suka rage a ƙidayarta, kuma kowa aka yi masa gwaji ko ya yi tafiya ko bai yi ba.

Mu da daddare saƙon mai gidanmu ya shigo ta WeChat, ni na fassara wa Baba, don ni ne tafintan gidan. An ba mu zuwa safiya. Baba ya ɗauko jakar takardunsa, izinin zama, rajistar kamfani, rasitan haraji na shekara da shekaru, ya ce in ɗauki hotonsu in tura. Mutumin ya amsa da cewa shi ma umarni aka ba shi. Na tambaye shi wa ya ba shi, bai ƙara amsawa ba. Otal huɗu muka je. Wanda ya buɗe mana ƙofa a ƙarshe wani ɗan Ibo ne mai sito a wajen Sanyuanli, ya shimfiɗa mana katifu a tsakanin kwalayen takalma, muka kwana biyu kafin a kai mu killacewar kwana 14 da kuɗinmu. A daren farko na ji Baba yana cewa, kamar da kansa yake magana, "A 2009 na ce ba ruwanmu."

A Abuja kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya zaunar da jakadan Caina ya nuna masa bidiyon a waya, jakadun Afirka a Beijing suka rubuta takardar koke. Mun ji daɗi, amma ba su ne suka samo mana gida ba.

Ni da Yaya katifa ɗaya muka kwana a siton nan, amma darasi biyu muka tashi da shi. Shi ya ce an wulaƙanta mu ne saboda ƙasarmu ba ta da ƙarfi, ba ta da ƙarfi saboda ɓarayi, ɓarayi kuma ba sa jin komai sai harsashi. Kullum misalinsa ɗaya: a Janairun 2021 Caina ta yanke wa Lai Xiaomin, shugaban wani babban kamfanin kuɗi na gwamnati, hukuncin kisa, kuma kafin watan ya ƙare an zartar. Faruk Lawan kuwa sai a Yunin 2021, shekara tara bayan ya karɓi dala 500,000, aka yanke masa shekara bakwai, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar biyar. Da sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023 Yaya ya sa hoton Tiani a wayarsa, daga baya ya canza da na Ibrahim Traoré. Da yaran Kano suka ɗaga tutar Rasha a zanga-zangar Agustan 2024, ya ce sun fi iyayensu hankali.

Ni kuma abin da na kasa mantawa shi ne tambayar da na yi wa mai gidanmu ba ta samu amsa ba. Hannun da ya ɗauke Wan Qingliang ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, shi ne ya ɗauke mai tsirena, shi ne kuma ya fitar da mu titi, kuma a duk ukun babu kotun da za ka je, babu jaridar da za ta buga. Yaya yana ganin hannun nan ɓarayi kawai yake kamawa saboda bai taɓa zaton zai iso kanmu ba, kuma ko da ya iso sai ya nema masa uzuri. Sannan in harbi yana kashe sata, me ya sa bayan shekara goma sha biyu ana yaƙin, a 2024 sai da aka kori tsofaffin ministocin tsaro biyu, Li Shangfu da Wei Fenghe, daga jam'iyya saboda rashawa? Bidiyon da Jaafar Jaafar ya saki, duk da cewa sai da ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021, a Guangzhou ko awa ɗaya ba zai yi a intanet ba. Na taɓa ce wa Yaya shi ne magajin Baba na gaskiya, Janar ɗin kawai ya canza da mai ƙarancin shekaru. Ya yi wata biyu bai ɗauki wayata ba.

Amma kada in yi wa kaina kirari. Amsar da ya ba ni da ya huce ta zauna mini a rai. Ya ce, "Kai kuma magajin Baffa ne, ba ka yarda da kowa ba, kuma ba ka yin komai." Ba ƙarya ya yi ba. Shekarata 22, ba ni da katin zaɓe, ban taɓa dangwala wa kowa ba. Caina ba ta ba ni takardar zama ɗan ƙasa ba duk da a asibitinta aka yanke mini cibiya, Najeriya kuma ba ta ba ni damar zaɓe daga inda nake ba, ni ma ban taɓa yankar tikiti kamar su Baba ba. Yawancin sa'o'ina da muka tashi tare a Xiaobei haka suke. Mun san farashin yuwan fiye da sunan ɗan majalisarmu: kusan naira 27 a 2014, sama da 200 a 2024. Wannan lissafin ne ya mayar da iyalai da yawa gida, ya cire wasu daga makaranta.

Ranar 13 ga Yulin 2025 Buhari ya rasu a Landan, aka binne shi a Daura ranar 15. Ina gida hutu. Baba bai je ofis ba, yana zaune a kan darduma har hantsi. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauka. Baffa ne daga Yiwu.

"Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Janar, ya yafe masa."

"Amin. Mutum ne mai gaskiya."

Aka yi shiru, ni da Umma muna kallon juna. Sai Baffa ya ce, "Allah ya sa ya huta. Ya kasuwa?"

Sun yi kusan minti arba'in, mafi yawansa a kan kuɗin dakon kwantena zuwa Legas. Bayan sati biyu Umma ta buɗe zauren iyali a WeChat ta sa kowa a ciki, da sharaɗi guda: duk wanda ya kawo maganar siyasa za ta cire shi, ko da mijinta ne. Ya zuwa yanzu mutum ɗaya aka cire, sau biyu, kuma Baffa ne. Yaya kuwa ta bayan fage yake turo mini nasa. Jiya da daddare ma ya turo wani bidiyo na minti goma sha ɗaya daga Wagadugu, ya rubuta a ƙasa, "Kalli wannan ka ba ni amsa." Ina da jarrabawa ranar Alhamis, sai bayan ta zan buɗe.